Ido a Kan Masu Hijira: Mai Wurno da 'Yan Leƙen Asirin Turawa

Kudu da birnin Sinnar a ƙasar Sudan, tafiyar kilomita goma sha biyar ko kusa da haka, akwai wani gari a gaɓar yamma ta kogin da Larabawa ke kira Baharul Azraƙ, reshen Nilu da ke gangarowa daga duwatsun Habasha. Sunan garin Mai Wurno. Duk wanda ya san ƙasar Sakkwato, da jin sunan ya san inda aka ɗauko shi, domin Wurno ita ce ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, can ne kuma kabarinsa yake. A kasuwar garin da Larabci ake ciniki, a cikin gidaje ana Fulatanci da Hausa, akwai kuma sarki da ake kira Sultan, jinin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Waɗanda suka kafa garin sun bar gidajensu ne don kada su zauna ƙarƙashin Nasara. Suka yi shekara uku a hanya, da suka isa sai suka tarar Nasaran dai shi ke mulki a can, har yana da ofis a Khartum wanda aikinsa sanin wa ya shigo, wa ya fita, wa ya aika wa wani da takarda. Tarihin wannan sa ido nake so in bi daga tushe, domin abin da aka rubuta a kan mutanen nan shekara ɗari da suka wuce har yau bai sake su ba.

Kafin 1903: hanyar gabas

Hanyar gabas ta girmi jihadi. Alhazai daga ƙasar Hausa da Barno sun daɗe suna bi ta Bagarmi da Wadai da Darfur da Kordofan, su haye Nilu, su nufi Sawakin a bakin Bahar Maliya. Tafiya ce ta shekaru. Mutum ya yi noma a nan, ya yi ɗinki ko wanzanci a can, ya tara guzurin zango na gaba. Wasu ba su taɓa ƙarasawa ba, wasu sun sauke farali amma ba su koma gida ba. Larabawan Sudan suka haɗa su duka, Bahaushe da Bafulatani da Babarbare, suka kira su Takarir ko Fallata. Tun a ƙarni na sha tara wani malami Bafulatani, Shehu Ɗalha, ya kafa zango a gaɓar gabas ta Baharul Azraƙ, garin ya ci sunansa.

A kan wannan tsohuwar hanya sai aka ɗora wani zato. Ana cewa Shehu Usmanu ya faɗa wa jama'arsa cewa a ƙarshen zamani za su yi ƙaura zuwa gabas, su kai bakin Nilu, su sadu da Mahdi su yi masa mubaya'a. Wannan ruwaya ce, ta bi ta bakin mutane da waƙoƙi, kowane zamani kuma yana ƙara mata wani abu. Abin da yake a rubuce shi ne Shehu ya musanta cewa shi ne Mahdi, Muhammadu Bello kuma ya nemi Modibbo Adama ya riƙa sa kunne wajen Wadai da Darfur ko za a ji labarin bayyanarsa. Akwai kuma wasiƙar Maryamu 'yar Shehu zuwa ga Sarkin Kano, tana tsawatarwa a kan masu tattara kaya su nufi gabas alhali lokaci bai yi ba. Wato tun kafin a ga Bature a ƙasar Hausa, sarakuna na fama da talakawan da zukatansu suka riga suka yi gabas.

A 1881 Muhammadu Ahmad ya bayyana kansa a matsayin Mahdi a tsibirin Aba. Ranar 26 ga Janairu 1885 Khartum ta faɗi a hannunsa, a watan Yuni na shekarar ya rasu, Halifa Abdullahi ya gaje shi. Sakkwato ba ta yi masa mubaya'a ba. Amma wani jikan Muhammadu Bello, Hayatu ɗan Sa'idu, wanda ya zauna a Balda cikin ƙasar Adamawa, ya yi, aka kuma naɗa shi wakilin Mahdi a yamma. Ya haɗa kai da Rabe, ya auri 'yarsa Hawwa, daga baya suka ɓata, aka kashe shi a 1898. Wannan ɓangaren gidan Shehu daban yake da na Attahiru. A riƙe wannan bambanci, domin Turawa sun yi shekara ashirin ba su riƙe shi ba.

1903: Burmi

Kano ta faɗi ranar 3 ga Fabrairu 1903, Sakkwato ranar 15 ga Maris a yaƙin Giginya. Waziri Buhari da wasu manya suka zaɓi su zauna su yi sulhu don a tsira da jama'a da addini, Lugga, jagoran Turawan Ingila, ya naɗa wani sabon Sarkin Musulmi. Sarkin Musulmi Attahiru ɗan Ahmadu kuwa ya zaɓi hijira. Duk inda ya ratsa sai mutane su bar gonakinsu su bi shi, manoma da malamai da sarakuna, abin da ya firgita Turawa fiye da yaƙin Giginya kansa. Sarkin Misau Ahmadu ya bi shi, Etsu Nupe Abubakar ya bi shi, haka Magajin Keffi, da jama'ar Futa 'yan gidan Alhaji Umaru waɗanda Faransa ta riga ta koro daga yamma, cikinsu da Alfa Hashim.

Suka taru a Burmi kusa da kogin Gongola, garin da mabiya Malam Jibrilla Gaini suka riƙe, su kuwa mutanen Mahdiyya ne. Turawa suka kai hari a watan Mayu aka kore su. Suka dawo ranar 27 ga Yuli. Aka wuni ana yaƙi, aka kashe shugaban rundunar Turawa Manjo Marsh, aka kashe Attahiru da mutane sama da ɗari shida. Tutar Sarkin Musulmi ta tafi Ingila, sai a 1960 aka dawo da ita.

Ana cewa kafin a gwabza, Attahiru ya kira ɗansa Muhammadu Bello, wanda ake yi wa laƙabi da Mai Wurno, ya umarce shi ya ci gaba da jama'a zuwa gabas kada ya tsaya. Haka zuriyarsa ke bayarwa. Abin da ba a ja a kansa shi ne Mai Wurno ya tsira daga Burmi ya ja ragowar mutane. Littattafai kan ambaci mutum dubu ashirin da biyar, amma ƙiyasi ne. Suka bi ta ƙasashen da a lokacin ba su shiga hannun Turawa ba, Wadai wadda sai 1909 Faransa ta ci babban birninta, da Darfur ta Sarki Ali Dinar. Wasu suka mutu, wasu suka yada zango a hanya suka zauna ke nan. Wajen 1906 Mai Wurno ya iso garin Shehu Ɗalha, daga bisani ya haye kogi ya sari daji ya kafa garin da ke ɗauke da sunansa.

Tsayuwar da Attahiru ya yi a Burmi ita ta manna wa ɗansa tambarin Mahdiyya a idon Turawa. Uban ya mutu cikin garin 'yan Mahdiyya, ɗan ya nufi ƙasar Mahdi. A wurin mai rubuta rahoto, magana ta ƙare.

1906: gwamnatin da leƙen asiri ya haifa

Sudan ɗin da suka tarar ba ta daɗe da faɗawa hannun Ingila ba. An karya rundunar Halifa a Karari ranar 2 ga Satumba 1898, aka sa hannu kan yarjejeniyar mulkin haɗin gwiwa tsakanin Ingila da Masar a Janairu 1899, aka kashe Halifa a watan Nuwamba. Mutumin da ya zama Gwamna Janar daga ƙarshen 1899 zuwa 1916, Wingate, shi ne tsohon shugaban sashen leƙen asiri na sojan Masar. Shekaru ya yi yana tare fatake da alhazai da gudajjin fursunoni a bakin iyaka yana yi musu tambayoyi a kan daular Mahdi. Babban mufattishinsa, Slatin Basha, ya yi shekara goma sha ɗaya a tsare a hannun 'yan Mahdiyya kafin ya gudu a 1895, ya san gidajensu ɗaya bayan ɗaya. Gwamnati ce da aka gina a kan rahoto. Kowane mufattishi da mamur, wato jami'in gunduma, yana aikawa da labarin gundumarsa, a tace a Khartum, a fitar da rahoton asiri na wata-wata.

Abin da suka fi tsoro shi ne malamin ƙauye, wanda suke kira faki. An hana karanta Ratibin Mahdi, an hana taron mabiyansa. Tsoron kuma yana da dalili, domin akwai imanin cewa bayan Mahdi sai Dujal, bayan Dujal sai Annabi Isa, Turawa kuwa su ne Dujal. Kusan kowace shekara sai wani ya tashi ya ce shi ne Annabi Isa. A Fabrairun 1906, shekarar da Mai Wurno ya iso, mutanen Satiru kusa da Sakkwato suka kashe Turawa uku, aka shafe garin daga doron ƙasa. A 1908, cikin Jazira kanta, yankin da garin Mai Wurno yake, Abdulƙadir wad Habuba ya kashe wani jami'in Ingila mai suna Scott-Moncrieff da mamur ɗan Masar, aka kama shi aka rataye. To a irin wannan yanayi ne ɗan Sarkin Musulmin da aka kashe a fagen fama ya sauka da dubban mabiya a bakin kogi.

Ba a kore shi ba, dalilin kuwa na ciki ne. Yaƙe-yaƙe da yunwa da annoba na zamanin Mahdiyya sun rage mutanen Sudan ƙwarai, ƙasa ga ta shimfiɗe babu mai nomawa, gwamnati kuma na kukan rashin ma'aikata. Fallata mutane ne masu aiki. Sai aka bar su suka zauna, aka kuma sa musu ido. Waɗannan abubuwa biyu, bukatar ƙarfinsu da zargin zuciyarsu, tare suka yi ta tafiya har ƙarshen mulkin Turawa.

1914 zuwa 1924: shekarun firgita

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya juya lissafi. Daular Usmaniyya ta shiga yaƙi a gefen Jamus ta yi kiran jihadi. Ali Dinar ya karkata wajenta, Turawa suka ci Darfur suka kashe shi a Nuwamba 1916. Kawusan, jagoran Buzaye, ya yi wa Faransawa ƙawanya a Agadas. Wingate ya tuna cewa 'yan Mahdiyya sun fi kowa ƙin Turkawa, sai ya sassauta wa ɗan Mahdi, Sayyid Abdurrahman, wanda aka daɗe ana tsare da shi da ido a Umdurman, aka bar shi ya zaga Jazira yana kwantar da mutane. A 1919 har Landan ya je cikin tawagar manyan Sudan, ya miƙa wa Sarki Joji na Biyar takobin mahaifinsa.

Daga nan Aba ta farfaɗo. Mutanen yamma suka riƙa kwarara tsibirin, suna noma da saran itace don neman albarka, da yawansu Fallata ne, wasu kuma na raɗa cewa Sayyid ɗin shi ne Annabi Isa. A ƙarshen 1918 wani Bafallace mai suna Sambo ya kai hari kan barikin Kasala. A Satumba 1921 Faki Abdullahi Suhaini ya auka wa Nyala da dubban mutane, aka kashe mufattishin gari McNeill da wani likitan dabbobi Bature.

A Najeriya akwai wanda ke bin wannan labari da zazzaɓi a jikinsa, shi ne H. R. Palmer, Razdan na Barno. Shi da kansa ya bi hanyar alhazai daga Maiduguri zuwa Jidda a 1918 zuwa 1919 ya rubuta rahoto. Ya yi imani akwai igiya guda da ta ɗaure Aba da Masar da Sanusiyya da ƙauyukan Barno da Gombe, alhazai masu dawowa kuma su ne masu ɗauke da ita. Aka shiga binciken jakunkunan matafiya, ana ƙwace wasiƙu da littattafai, ana fassarawa, ana aika kwafi tsakanin Kaduna da Khartum.

Wanda tarkon ya kama shi ne Shehu Sa'idu ɗan Hayatu. Ya zauna a Dumbulwa cikin ƙasar Fika, jama'a na taruwa gare shi, yana kuma musayar wasiƙu da Sayyid Abdurrahman. A 1923 aka kama shi bisa zargin shirya tawaye, ba a gurfanar da shi gaban shari'a a fili ba, aka kai shi Buea a ƙasar Kamaru. Ya yi sama da shekara ashirin a can, aka dawo da shi Kano cikin tsaro, sai a 1959 aka sake shi. Shekara talatin da shida. Masanan da suka bi takardun daga baya ba su sami shaidar makami ko shirin yaƙi ba, abin da suka samu wasiƙu ne da taron almajirai da fargabar Razdan. Ni a ganina babu wani abu a wannan tarihi da ya fi wannan nuna abin da fayil ke iya yi wa ɗan Adam. Mutumin da aka yi wa mubaya'a yana Aba yana sayar wa gwamnati itace, har Ingila ta ba shi lambar girma a 1926, wanda ya yi mubaya'ar kuwa yana can gindin dutsen Kamaru nesa da kowa nasa.

Sai 1924 ta zo da nata. A Maris Turkiyya ta soke halifanci. A Khartum ƙungiyar Farar Tuta ta Ali Abdullaɗif ta fito zanga-zanga, ɗaliban makarantar soja suka bi. A Oktoba mayaƙan Ibn Sa'ud suka shiga Makka. A Nuwamba aka harbe Gwamna Janar Lee Stack a Alƙahira. A wannan shekarar ce kuma Tarayyar Sobiyet ta buɗe ofishin jakadanci a Jidda, Turawan Ingila suka ƙara tsoron kwaminisanci a kan tsoron Mahdi, suna zaton za a bi ta alhazai a shigar da shi ƙasashen da suke mulka. Sashen leƙen asiri na Khartum, ƙarƙashin C. A. Willis, ya sha zargi: idonsa na kan malaman ƙauye, wutar kuwa ta tashi daga 'yan boko da hafsoshi. Aka ɗauko wani jami'in 'yan sandan Indiya, Ewart, ya binciki sashen, a 1926 aka kawar da Willis aka sake tsarin.

1925: tafiyar Lethem

Cikin wannan ruɗani gwamnatin Najeriya ta tura G. J. Lethem, jami'in mulki da ya yi aiki a Barno, ya bi sawun alhazai da ƙafarsa. A 1925 ya ratsa Chadi da Darfur da Kordofan, ya zauna a Khartum ya karanta takardun sashen asiri, ya ga zangunan mutanen yamma, ya wuce Jidda da Alƙahira, inda ɗaliban Barno ke da ruwaƙinsu a Azhar. Abin da ya tattara, haɗe da na abokin aikinsa Tomlinson, aka buga a 1927 a matsayin rahoton sirri kan tarihin farfagandar siyasar Musulunci a Najeriya. Sunaye ne da nasaba da hanyoyi: wane ɗan wane ne, wa ya aura, wace ɗariƙa yake bi, wa ke kai masa wasiƙa.

Yadda ake samun irin wannan labari ba ɓoyayye ba ne. Bature ba ya jin Fulatanci, ba ya shiga zaure a yi hira da shi. Dole ta bakin tafinta da masinja da shehun unguwa da alhajin da aka tare a bakin iyaka labari zai fito. Kowannensu kuwa yana da abokin gaba, yana da bukata. Wanda ke neman a naɗa shi shehun Fallata na wani gari ya san kalmar da zai jefa a kan abokin takararsa. Haka zargi ya shiga tsakanin mutanen da suka sha ƙishirwa tare a hanyar Wadai. Wannan ɓarna ba ta fitowa a rahoto, amma ita ce ta fi daɗewa.

Amma tafiyar ta gyara wani kuskure. Turawa suka fahimci cewa Fallata ba abu guda ba ne. Akwai Ansar, 'yan Mahdiyya na Aba, akwai Tijjanawa masu kallon Alfa Hashim a Madina, wanda ba ya tare da Mahdiyya, akwai kuma gidan Attahiru. Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi ne, yana ganin kansa magajin Shehu, ba shi da niyyar zama almajirin ɗan Mahdi, su biyun ma takara suke a kan mabiya. Mafi yawan sauran jama'a kuwa talakawa ne masu neman kuɗin jirgin Jidda. Da aka gane haka sai dabara ta sauya: maimakon a tsare Mai Wurno, a ɗaga shi, ya zama madatsar da za ta hana mutanen yamma kwarara Aba.

1925 zuwa 1944: sarauta a ƙarƙashin ido

Lokacin ya dace da bukatar gwamnati. A 1925 aka gama madatsar ruwa ta Sinnar, 'yar tafiya kaɗan daga Mai Wurno, aka buɗe gandun audugar Jazira da fadan dubu ɗari uku. Mutanen yamma sun yi aikin ginin, su ne kuma suka zama ƙashin bayan cirar auduga. Masu hawasha, wato manoman da aka yanka wa fili, galibi Larabawan yankin ne, suna karɓar kashi arba'in cikin ɗari na kuɗin auduga. Hausawa da sauran baƙi suka zauna a kambo, bukkokin ma'aikata a gefen magudanan ruwa. Da kasuwar auduga ta faɗi a farkon shekarun 1930, masu hawasha da yawa suka watsar, Hausawa suka karɓa suka riƙe gandun da rai. Da farashi ya dawo sai aka fara cewa baƙi sun cinye ƙasa.

Shi kuwa Mai Wurno aka ba shi dama ya zaunar da mutane, ƙauyuka suka tashi a bakin Baharul Azraƙ da wajen Dindir da Rahad. Zamanin Gwamna Maffey ne, wanda ya kawo dokar ƙarfafa shehunan ƙabilu a 1927, salon da ya yi kama da mulkin En'e na Arewa. Sultan ya sami kotu da girma. Farashin shi ne ya zama mai lamunin jama'arsa: baƙon da ya sauka a san da shi, malamin da ya fara tara mutane a ji labarinsa. A ɗaya gefen kuma aka ɗaure hanyar hajji da fasfo da kuɗin ajiya da allurar rigakafi da killacewa a Sawakin. An ce don lafiyar alhazai ne, akwai gaskiya a ciki, amma takardar da ke kare alhaji ita ce kuma ke gaya wa gwamnati inda yake.

Ba na ganin adalci ne a ce Mai Wurno ya sayar da hijirar mahaifinsa. Mutum ne da ya ga Burmi da idonsa, yana ɗauke da dubban rayuka a ƙasar da ba tasa ba, ba shi da bindiga ba shi da wurin komawa. Abin da Waziri Buhari ya yi a Sakkwato a 1903, shi ya yi a bakin Nilu bayan shekara ashirin. Sai dai girman da aka ba shi aro ne. Da tsoron Mahdiyya ya lafa, Sayyid Abdurrahman ya zama hamshaƙin manomin auduga kuma ɗan siyasa, amfanin Sultan ya ragu a idon Khartum. Ba a taɓa ba shi dar ba, wato ƙasa ta ƙabila mai iyaka kamar yadda aka amince wa Larabawa da Funj. Ya rasu a 1944, ɗansa Muhammadu Ɗahir ya gaje shi.

1948 zuwa yau: abin da fayil ya bari

Turawa sun yi shekara arba'in suna rubuta Fallata a matsayin baƙi masu wucewa, 'yan Najeriya da ke kan hanyar Makka. Da aka zo fayyace wane ne ɗan Sudan a dokar 1948, sai aka ce wanda shi ko kakanninsa na wajen uba suke zaune a ƙasar tun 31 ga Disamba 1897. Dokar jinsiyya ta 1957, bayan samun 'yanci, ta riƙe wannan rana. Mutanen Burmi sun iso a 1906. Shekara tara suka raba su da zama 'yan ƙasa, su da 'ya'yan da aka haifa a bakin kogin. An sassauta ranar daga baya, dokar 1994 ta mai da ita 1 ga Janairu 1956, amma neman takardar jinsiyya ya ci gaba da zama wahala ga mai sunan Hausa, sai ya kawo shaidu a kan kakan kakansa.

Ofishin sa ido kuwa bai mutu da tafiyar Turawa a 1956 ba, hannu kawai ya sauya. Bayan juyin mulkin Numairi a 1969, jami'an tsaron Jamus ta Gabas sun taimaka wajen horar da na Sudan. A Maris 1970 aka yi wa Aba ruwan wuta, aka kashe Imam Alhadi, ɗan Sayyid Abdurrahman, a kan hanyarsa ta zuwa Habasha, cikin waɗanda suka mutu a tsibirin akwai zuriyar mutanen yamma da suka zo neman albarka. Numairi ya kuma rushe mulkin gargajiya a farkon shekarun 1970. A Yulin 2022, da Hausawan jihar Baharul Azraƙ suka nemi a amince musu da masarauta, rikici ya ɓarke a wajen Rusairis, ya sake tashi a Wad al-Mahi a watan Oktoba, ɗaruruwa suka mutu, dubbai suka bar gidajensu. Hujjar da aka kafa musu ita ce tsohuwar nan: ba ku da ƙasa a nan.

A wasu ƙasashe waɗanda aka sa wa ido sun sami damar karanta abin da aka rubuta a kansu. 'Yan Polan da suka yi gudun hijira zuwa Landan da Faris da Munik zamanin kwaminisanci, hukumar tsaron ƙasarsu ta bi su har can, ta dasa mutanenta a cikinsu, kamar Andrzej Czechowicz wanda ya yi shekaru yana aiki a gidan rediyon 'yan gudun hijira a Munik kafin ya koma Warso a 1971. Bayan faɗuwar gwamnatin aka kafa cibiya ta musamman, aka buɗe fayilolin, jikoki suka je suka gani. Namu takardun a warwatse suke, kuma da Turanci. Wasu na gidan adana tarihi na Kaduna, takardun Lethem na Oksfod, na jami'an Sudan na Jami'ar Durham. Daga cikinsu ne Muhammad Ahmad Alhaji da Umar Naƙar suka yi aikinsu, Mark Duffield ya zauna a Mai Wurno ya fitar da littafinsa a 1981, Farfesa Al'amin Abu Manga, ɗan garin, ya rubuta nasa daga ciki. Kaso mafi girma, rahotannin sashen asiri na wata-wata da fayilolin lardin Baharul Azraƙ, yana gidan adana tarihi na Darul Wasa'iƙ a tsakiyar Khartum lokacin da yaƙi ya ɓarke a can ranar 15 ga Afrilu 2023. A ƙarshen Yunin 2024 yaƙin ya kai Sinja, kudu da Mai Wurno, jikokin mutanen Burmi da yawa suka sake ɗaure kaya suka nufi gabas, wajen Gadarif.